Ƙasar da Nasara Ya Yi wa Fito

"Sauke shi, Malam."

"Ba na saukewa. Kuma sau nawa zan faɗa miki, a gaban jama'a Shef ake ce mini."

"Wace jama'a? Daga ni sai akuya. Sauke mini tulu, in ba haka ba yau Shef zai kwana da yunwa."

Alkasim yana tsaye a tsakar gida rungume da tulu kamar mai raino, matarsa Ƙande kuwa ta tare bakin zaure da muciya a hannu. Tulun ba na ruwa ba ne. Irin gero ne a ciki, gajere mai nuna da wuri, wanda ta gada wajen mahaifiyarta a Waca. Ta cakuɗa shi da toka, ta liƙe bakin da laka. Cikin farin nan da aka fito, da aka ci dusa aka ci tafasa ba gishiri, Ƙande ta sayar da tasoshinta, ta sayar da tunkiya, amma ba ta yarda irin nan ya ga turmi ba. Bara ta shuka rabi, ɓerayen daji suka bi rami-rami suka tone. Abin da ke cikin tulun shi ne ƙarshe. In ya tafi ya tafi ke nan, domin a Waca ma yunwa ta sa an daka nasu an sha fura.

"Ke matsalarki rashin ci gaba," in ji Alkasim. "Gari kaf ya kai irinsa mangaza, ɗakin ajiyar gari. Ni na gina ta da hannuna, sannan a ji matata ta ɓoye nata ƙarƙashin gado? Da wane ido zan dubi Maigari?"

"Da wanda ka dubi bulon da ya tsage ka ce iska yake sha."

Bari dai a koma baya kaɗan, a ji yadda aka yi Alkasim ya zama Shef, wato shugaban aiki da Faransanci.

Rani guda ya yi a shantiye, wato wurin aikin hanyar mota, wajen Magariya. Aikinsa riƙe wata doguwar sanda mai zanen ja da fari. A ce masa tsaya nan, ya tsaya, wani Nasara ya duƙa bayan wani abu mai ƙafa uku yana leƙe. Da aiki ya ƙare ya dawo Tudun Kirya da hular kwano mai tsaga, da takalman roba masu kai gwiwa, da Faransanci ɗan cikin cokali. Kullum da yamma a gindin kirya sai ya gyara murya.

"Mutane cunkus a shantiyen nan, amma Nasara ba ya sa alƙalami a takarda sai ya leƙe ni tukuna. In na ɗan matsa, sai ka ga ransa ya ɓaci, yana yafito ni in dawo. Bawan Allah bai iya aiki in ba ya ganina."

Ana nan soja suka karɓi mulki, aka ce kowane gari samariya, ƙungiyar samari, ta tashi ta yi aikin gayya. Maigari Mohamman dattijo ne da ba a taɓa jin i ko a'a daga bakinsa ba. Duk abin da aka kawo masa sai ya shafa gemu ya ce, "To, a duba dai." Wannan karo da aka duba, sai aka ga abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne iri. Yunwa ta sa wasu sun cinye nasu, ɓera ya cinye na wasu. Aka tsayar da magana a gina mangaza, kowa ya kai irinsa a kulle sai ruwan shuka ya sauka. Kowa ya ɗauka a kan tudu za a gina, kusa da masallaci, inda gidajen gari suke tun kaka da kakanni.

Alkasim ya iso da hularsa. Ya duƙa ya dumbuzi rairayin tudu, ya buɗe yatsu, ya bar shi ya zube.

"Wannan ƙasa ce ko garin tuwo? Abin da kaza ke tonawa da ƙafa za ku ɗora wa ginin gwamnati? Ku biyo ni."

Suka bi shi gangare zuwa Baƙin Kwari, fadamar da ke ƙasan gari. Tsakiyar rani ce, ƙasar baƙa ƙirin, ta bushe ta dare gida-gida kamar dunduniyar mai faso, tsagar har ɗan akuya kan karya ƙafa a ciki. Alkasim ya ɗaga diga ya sara. Digar ta yi tsalle, ƙotar ta girgiza shi har haƙora.

"Kun ji? Ƙarfe ke nan. Ƙarfen da Allah ya shimfiɗa muka bar wa awaki."

Sannan ya ɓanto ɗan gutsure, ya tofa masa yawu, ya yi ta murzawa a tafin hannu har ya zama siriri, dogo kamar tana, bai tsinke ba. Ya ɗaga kowa ya gani.

"Haka Nasara ke yi. Duk inda muka je sai ya jiƙa ƙasa ya murza. In ta wargaje, ko kallo ba ya ƙara yi mata, sai ya ce a zuba hanya a kai mota ta taka. Amma ran da muka iso wata fadama irin wannan, ya murza, ya murza, abu ya ƙi tsinkewa, sai ya cire tabarau ya yi fito." Alkasim ya tsuke baki ya yi fiton, dogo mai gangarowa. "Ya kira sauran Nasaru, su ma suka yi fito. Har kai suke girgizawa don sha'awa."

Liman ya ce, "To hanyar ta bi ta kanta?"

"Ta kanta? Allah gafarta Malam, kewayewa ta yi, nesa. Ƙasa irin wannan ai ba a ba mota ta taka. Ajiye ta suka yi don manyan gine-gine."

Jama'a suka jinjina kai. Mutum ɗaya ce ta yi tsaki, Iya Gimbiya maginiyar tukwane, wadda ramin yumɓunta ke daidai inda Shef ya kafa turke.

"Kai ɗan nan, ƙasar nan rai gare ta. Da rani ta buɗe baki, da damina ta kumbura ciki. Uwata ta ce akwai mai barci a ƙarƙashi, numfashinsa ne."

Amma Iya Gimbiya haka take cewa game da rijiya, da kukar bayan gari, har da gwiwarta ta hagu. Aka yi dariya. Maigari ya shafa gemu ya ce a duba dai, Alkasim kuwa ya ɗauki wannan a matsayin izini.

Aka shiga aiki. Dattawa suka kawo ciyawa da kashin jaki a sirka ƙasar kamar yadda aka saba, ya ce a mayar.

"Ciyawa abincin jaki ce, ɗayan kuma ba sai na faɗa ba. Kun taɓa ganin ciyawa a cikin siminti?"

Aka kwaɓa baƙar laka zalla, aka buga bulo a wani akwati da ya harhaɗa. Da suka sha rana sai suka ƙanƙance, suka tsattsage kamar ƙuli-ƙulin da ya wuce wuta.

"Juwan ke nan," in ji Shef. "Nasara da kansa yake sa a yanka tsaga a siminti don gini ya sha iska, har mutum aka ɗauka na musamman. Tamu ƙasar da kanta take yi."

Mata suka zo da madaɓai da marmara da ruwan makuba za su yi daɓe, har zabiyarsu ta ɗauko waƙa. Ya tare su a baki. Ya ce daɓe na ɗakin amarya ne, shi kwampakta zai yi. Ya samo tano, gangar ƙarfen nan ta mai, ya cika da ruwa, ya kwantar, ya sa samari su mirgina shi gaba da baya. Tanon ya taka masa babban yatsa, ya kuma yi yoyo a tsakiyar ɗaki. Kafin kumburin yatsan ya sace, wurin yoyon ya tashi kamar ƙullun waina da ya kwana. Shef ya ce alamar ƙasa ta ƙoshi ce. Ya sa aka kankare tudun da fartanya, aka shafe ɗakin da siminti kaurin ɓawon albasa.

Sauran simintin, ɗan wanda Maigari ya roƙo a Magariya, a bakin ƙofa ya ƙare kaf, domin a cewar Shef baƙo ƙofa yake fara gani. Aka haƙa rami har sai da aka wuce baƙar ƙasa, aka zuba ginshiƙi dama da hagu, aka haɗe su a sama. Ƙofar ta katako ce, an lulluɓe ta da ƙarfen tano, mai buɗewa ciki, da kwaɗo kamar kan jariri. Aka gitta ƙatuwar azara daga kan ƙofa zuwa bangon baya, ƙarshenta ya leƙo waje, aka jera tsofaffin kwanon rufi a kai.

To ita ce mangazar da ake rigimar tulu a kanta. Kuma ba don Shef Ƙande ta sauko ba. Furera matar Maigari ce ta leƙo ta kan darni ta ce, "Ƙande, mu da muka kai namu, ashe mu ne wawaye?" Wannan magana ba ta da amsa a garin da ake ɗibar ruwa a rijiya ɗaya. Ƙande ta ajiye muciya, ta karɓe tulun daga hannun mijinta, ta ɗora a ka, ta kai da kanta. Ta zaɓi kusurwar baya, ta naɗa gammo, ta zaunar da shi, ta girgiza ta ga ya zauna daram.

"Malam, in wani abu ya sami tulun nan…"

"Shef."

"In wani abu ya same shi, hular nan taka kaji za su sha ruwa a ciki, ko da kanka ko ba kanka."

Bazara ta zo da zafinta. Wata rana hadari ya taso ya yi ɗan ruwa, irin wanda ke yaudarar mai gaggawa ya yi shuka ya yi asara. Washegari ƙofar mangaza ta ƙi buɗuwa sai da ƙarti suka sa kafaɗa, tana jan ƙasa tana kuka.

"Katako ne ya sha sanyi," in ji Shef. Ya sa aka ciro ta, ya sassaƙe gindinta da gizago, aka mayar. Ta buɗu salin alin. Ya yini yana zagaya gari yana bayani, har wanda bai tambaya ba ya samu rabonsa.

Rana ta dawo ta gasa kwarin. Ƙasa ta koma ta lotsa, sai ga rata a ƙarƙashin ƙofa, wadda kazar Iya Gimbiya ta shiga da ƴaƴanta a jere, ko sunkuyawa ba ta yi ba. Aka tarar sun huda buhun Liman suna walima.

"Iya, kazarki ta keta dokar gwamnati."

"Ta ga ƙofa a buɗe ta yi sallama. Kai ne ba ka amsa ba."

Shef ya samo wani gutsuren tano ya buga a gindin ƙofa, dogo har yana shafar daɓe, ya yi masa ƙusa kamar ba gobe.

"Yanzu ko tururuwa sai da lesefase, takardar izinin wucewa."

A bangon baya kuma wata tsaga ta taso daga ƙasa tana hawa a karkace. Da fari yatsa ke shiga, daga baya hannu. Shef ya cusa tsumma, ya ce babban juwan ne, na manyan gine-gine. Ƙande ba ta yi gardama ba, domin ta samu taga. Kullum in za ta rijiya sai ta ratse, ta zare tsumman, ta kanga ido ɗaya ta gaida tulunta, ta mayar.

Ruwan shuka ya sauka wata rana bayan la'asar, kamar da bakin ƙwarya. Mutanen da wuyansu ya ƙage don duban sama suka fito suna tara tukwane suna hamdala. Ƙande kaɗai ke tsaye bakin ɗaki tana kallon ruwan da ke gangarowa daga tudu, duk ya nufi Baƙin Kwari, inda bakunan nan ke buɗe suna jira.

Gari na wayewa kowa ya fito da sungumi da ƙwarya. Rairayin tudu ba ya riƙon amana. Danshin da ya sha jiya, in rana ta take sai ta karɓe abinta. Wanda bai binne irinsa yau ba sai ya jira wani ruwan, kuma shekarun nan sun koya wa kowa cewa wani ruwan ba alkawari ba ne.

Aka gangara kwari. Tsagogin nan duk sun rufe baki, ƙasa ta yi sumul tana ƙyalli kamar an shafa mata man gyaɗa. Kafin a yi nisa kowace ƙafa ta zama turmi. In ka ɗaga ƙafa sai ka ɗago rabin fadama. Maigari ya bar takalmi ɗaya, ya juya zai ɗauka ya bar na biyu. Liman ya zame ya zauna daɓas, ya ce daman yana son ya huta.

Shef ne ya iso ƙarshe, da hula da takalman roba, yana taku irin na soja.

"Ku ba da hanya. Yau za ku ga amfanin kayan aiki."

A tsakiyar fili takalman suka tsaya, shi bai tsaya ba. Aka ciro shi daga ciki kamar rogo, aka bar su a tsaye su kaɗai, kamar mutumin da aka sace daga gwiwa zuwa sama.

Ya isa ƙofa da ƙafa huntu, ya zura mabuɗi, kwaɗo ya buɗe ƙwas. Ya waiwayo ya dubi jama'a don a shaida. Ya tura. Ya sake turawa. Ya sa kafaɗa, ƙafafunsa suka tafi baya, hula ta rufe masa ido.

"Samari, ku matso. Sanyi ne."

Samari suka jeru suka tura. Ƙofa ba ta san ana yi ba. Su ne suka yi ta zamewa baya a tare, kamar masu rawar da ba kiɗa.

Ƙande ta zagaya baya ta zare tsumma. Yanzu kai ma yana shiga. Daɓen ya tashi a tsakiya kamar cikin saniya mai shirin haihuwa, simintin ya farfashe kamar ɓawon ƙwai. Buhuna sun zame sun jingina da ƙofa, ƙarfen gindin nan kuwa ya nutse cikin daɓe ya kama. Tulunta na can kusurwa, ya karkata a kan gammo, ya sunkuyar da wuya kamar mai gyangyaɗi.

Ta dawo gaba.

"Malam, ƙasar ta tashi a ciki."

"Ƙasa ba ta tashi. Abin da ke tashi shi ne hayaƙi da tsuntsu."

"Ka taɓa jiƙa wake?"

"Ni mace ne?"

"Shi ya sa."

Wani ya miƙo gatari. Shef ya juya bayansa ga ƙofa ya shimfiɗa hannuwa.

"Wanda ya sari ƙofar nan ya sari gwamnati. Ran da Kwamanda ya zo gani, ku za ku yi masa bayani, ba ni ba."

Aka dubi Maigari. Maigari ya dubi yatsun ƙafarsa da ba su saba da taro ba, ya kai hannu gemu ya shafa masa laka.

"To, a duba dai."

"Na duba, ranka ya daɗe," in ji Shef. "Ruwa ya kawo matsala, wuta ce maganinsa. A kawo kara."

Aka kawo kara, jiƙaƙƙe, aka tara a gindin ƙofa aka hura. Wuta ba ta kama ba, hayaƙi ne ya kama. Ya bi juwan ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ya shige ciki, ya fara fitowa ta ƙarƙashin kwano.

"Shef," in ji Furera tana tari, "iri muka kawo ajiya, ba banda ba."

Aka tattake karan.

"To na gane ta," in ji Shef. "Ba bushewa take so ba, santsi take so. A kawo ruwa."

"Ruwan da ya kulle ta shi zai buɗe ta?" in ji Ƙande.

"Ke in kin san teknik, da ke Nasara zai leƙa."

Aka ɗebo ruwa a ramin Iya Gimbiya, tana zagi ana ɗiba, aka yi ta kwarara ƙarƙashin ƙofa. Can ƙofar ta yi wani nishi mai tsawo, irin na wanda aka ƙara wa kaya.

"Kun ji? Ta fara amsawa."

Mutanen ƙauyen gaba, waɗanda irinsu ya yi rani a rumbu kamar na kakanninsu, suka zo wucewa ta kan tudu da sunguma a kafaɗa, har sun gama gona ɗaya. Suka tsaya suka ƙare wa taron kallo, da hayaƙin, da takalman roba a tsaye a fili.

"Mutanen Tudun Kirya, barka da shuka. Takalma kuka shuka bana? Ai kuwa har sun tsiro."

Ƙande ta ɗaga kai. Rana ta rabu da kan kuka, gonarta da ke gefen tudu ta fara yin fari-fari a sama. Nan ta hango Labbo, Bafulatanin da rugarsa ke gefen gari, yana kora bijimai zuwa kiwo. Ta tattara zani, ta ja turamen ƙafarta har bakin rairayi.

"Labbo, don girman Allah ara mana bijimanka. Irinmu na ciki."

Labbo ya zo bakin kwari ya tsaya a ƙafa ɗaya, sanda a wuya, ya daɗe yana duban mangaza.

"Aradu Kaɗo ya iya gini. Mu dai bukkarmu ba ta taɓa hana mu shiga ba." Ya tofar da tsinke. "A ɗaura igiya a ƙofa, su fizge ta."

"Ba a jan ƙofar gwamnati baya-baya," in ji Shef. "Nauyin rufi ne ya danne ta. Ku ɗaura a bakin azarar can, a ɗan sassauta mata. Kaɗan kawai. Santimita."

"Shanu ba su san shi ba."

"Ni zan ba da oda. In na ɗaga hula su ja, in na sauke su tsaya."

"Ba su yi shantiye ba, Kaɗo."

"Malam," in ji Ƙande, "azarar nan ita ke…"

"Shef."

Ta dubi sama. Rana ce ke magana yanzu.

Aka ƙulla igiyoyin rijiya aka yi doguwa, yadda bijimai za su tsaya a kan rairayi. Shef ya hau kan tanon kwampakta ya ɗaga hula. Bijimai suka dube shi, suka dubi Labbo. Labbo ya yi musu ƴar ƙara da harshe, suka sunkuya suka ja. Azara ta motsa. Shef ya sauke hula. Suka ci gaba. Ya sake saukewa, ya sauke har gwiwa, daga nan ya shiga kaɗa ta sama da ƙasa yana faɗin wata kalma ta Faransanci. Bijimai suka ga abu na walƙiya yana kaɗawa a bayansu, suka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Azara ta zare fit, kamar tsinken tsire.

Ashe ita kaɗai ta riƙe zumuncin bangayen. Kwanon rufi ya zame, wani na bin wani. Bangon baya ya rabu daga tsagarsa, ya ɗan yi tunani, sannan ya kwanta waje a hankali kamar raƙumi. Na dama ya ga babu amfanin tsayawa shi ma ya bi. Na hagu ya zauna a inda yake. Ba wata ƙara, laka ta karɓi abinta shiru. Da ido ya washe, abu ɗaya ne ya rage a tsaye, ƙofa da ginshiƙanta, ƙyam, a rufe.

Ƙande tuni ta sheƙa, irin gudun da laka ke bari a yi. Tana gani tulun ya bar gammo, ya mirgina gangaren daɓe, ya daki fasasshen siminti, ya dare biyu. Gero da toka suka bazu. Ta cire mayafi ta shimfiɗa, ta durƙusa, ta shiga kwasa da hannu bibbiyu. Furera ta durƙusa kusa da ita tana tsince wanda ya watsu. Wani ya gangara cikin tsagar siminti ya shige baƙar laka. Ƙande ta zura yatsu ta ƙwaƙulo abin da ya ƙwaƙulu, ta bar wa mai barcin Iya Gimbiya sauran. Ta ɗaure mayafin ta auna a hannu. Bai kai yadda ta kawo ba. Amma in ta matse yatsu wajen zubawa, zai kai ƙarshen gona.

Iya Gimbiya ta ɗauki rabin tulun ta jujjuya.

"Ni na gina shi. Na dai ce zai riƙe iri, ban ce zai yi kokawa da gwamnati ba."

Jama'a suka shiga ta inda bango yake a da, kowa ya nemi buhunsa ya saɓa. Wasu suka fito ta daman ƙofa, wasu ta hagunta, suka nufi tudu a guje, ana zubar da laka a hanya. Maigari ya tafi goye a bayan wani ƙato, don an ga in aka jira ya duba za a yi la'asar.

Alkasim na nan bakin ƙofa, hula a hammata, yana bubbuga ginshiƙi da tafin hannu, yana nuna wa duk mai wucewa cewa ko gezau bai yi ba. Ƙande ta zo wucewa da ƙullin iri a ka, toka har gira.

"Malam, sungumi na bakin gona. Za ka zo ka sara mini rami, ko sai rana ta gama shanyewa?"

Ya laluba aljihu, ya jawo kwaɗo ya saita shi a hankali.

"Yi gaba, ina tafe. Bari in kulle tukuna, garin nan ba a rasa ɓarayi."